Ƙyallin da ke Tona Asirin Tarin Fuka: Daga Gilashin Kaki Zuwa Madubin da ke Auna Nanosakan

Tari ba baƙon abu ba ne a Birnin Lalle idan hunturu ya kama. Iska na kwaso ƙura daga arewa tana watsawa a ido da maƙogwaro, gida-gida ana kaki. Saboda haka magidanci zai fara tari a Disamba, babu mai ɗaga kai ya dube shi. A dafa masa citta da kanumfari, ranar kasuwa a sayo ƙwayoyi wurin mai tebur. Sai sanyi ya wuce tarin bai wuce ba, riga ta soma yi masa yawa, yana kwana sharkaf cikin gumi, sannan wani daga cikin manya zai ce a kai shi likita, kada a je tarin fuka ne.

Daga nan sai neman kuɗin kabu-kabu zuwa Dakoro. A ɗakin gwaji za a miƙa masa ɗan gwangwanin roba mai murfi, tare da jan kunnen da kowane ma'aikacin gwaji ya saba yi: “Baba, ba yawu nake so ba, ka yi ƙoƙari ka fito da na can cikin ƙirji.” Ma'aikacin zai shafa ɗan kakin a kan gilashi, ya busar, ya rina, ya ɗora ƙarƙashin madubin likita. Lafiyar mutumin, da ta matarsa, da ta yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, duk sun rataya a kan abin da idon nan zai gani ko zai kuskure cikin 'yan mintoci.

A daidai wannan lokaci, a wasu ɗakunan bincike na Jamus da Amurka da Japan, akwai masu aiki da madubin da ke kama hasken da ke fita daga ɗigon sinadari guda ɗaya tak, su kuma auna tsawon lokacin da hasken ya ɗauka kafin ya mutu, lokacin da bai wuce kashi kaɗan cikin biliyan na sakan ba. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Birnin Lalle, tsohuwar fadar Gobirawa, da wannan. Da ruwanta tsundum, domin dabarar da ke cikin madubin nan mai tsada ita ce ke cikin gwaje-gwajen da ake yi wa mai tarinmu.

Abin da ido ke nema a gilashi

Ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya bayyana a birnin Balin cewa ya gano ƙwayar da ke haddasa tarin fuka, shi ya sa har yau ake tunawa da cutar a wannan rana. Ƙwayar kamar ɗan guntun tsinke take. Sai an jera wajen guda ashirin kai da kai kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Fatarta na da maiƙo sosai, rini ba ya shigarta da sauƙi, amma idan ya shiga ko an wanke da ruwan asid ba ya fita, kamar lallen da ya kama ƙafar amarya.

A kan wannan hali nata aka gina rinin Ziehl da Neelsen, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1880. A rina komai ja, a wanke, sannan a bi da shuɗi. Abin da ya riƙe ja shi ne ƙwayar cutar. Aikin yana cin ido. Ma'aikaci zai ƙara girman hoto sau 1,000, ya bi gurbi-gurbi har wajen ɗari kafin ya yarda ya rubuta cewa bai ga komai ba. Ga kuma babbar matsala: sai kakin yana ɗauke da ƙwayoyi kamar 5,000 zuwa 10,000 a kowace mililita sannan ido ke iya cin karo da su. Ƙananan yara, da masu cutar ƙanjamau, da wanda cutar ba ta daɗe da kama shi ba, sau da yawa sakamakonsu kan fito fes alhali suna ɗauke da ita.

Da babu gara ba daɗi, kuma wannan rini ya ceci rayukan da Allah kaɗai ya san yawansu. Amma har gobe tarin fuka na kama mutum fiye da miliyan goma a duniya duk shekara, yana kashe fiye da miliyan ɗaya. A Nijar ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya tasam ma mutum 20,000 a shekara, kuma dubbai daga cikinsu ba sa shiga rajistar kowane asibiti, duk da cewa maganin kyauta ne.

Hasken da ke amsawa

Duk wanda ya taɓa ganin an sa takardar jika goma ƙarƙashin 'yar fitilar gwajin kuɗi, wasu zane-zane suka bayyana suna ƙyalli, ya ga abin da masana ke kira fuloresans. Kunama ma haka take: a haska ta da irin wannan fitila cikin duhu, sai ta koma kore shar kamar an kunna ta. Ni na fi son kiran abin amsa-kuwwar haske. Ka jefa wa abu haske, ya haɗiye, bayan ɗan ƙanƙanin lokaci ya mayar maka da wani.

Tarihin abin ya bi ta kan maganin da kakanninmu suka sani. A 1845 John Herschel ya lura cewa ruwan kwinin, wanda ba shi da launi, yana fitar da wani shuɗin ƙyalli idan rana ta doke shi. A 1852 George Stokes na Kambirij ya bayyana dalili, ya kuma raɗa wa abin suna. Ya nuna cewa hasken da ke dawowa ya fi wanda ya shiga rauni, saboda haka launinsa daban ne. Wannan bambancin launi shi ne jarin duka. Idan ka haska da shuɗi abin ya amsa da ruwan ɗorawa, sai ka sa matacin gilashi ya tare shuɗin, ya bar amsar kaɗai ta iso idonka.

A ƙarshen shekarun 1930 aka gano a Jamus cewa wani rini mai suna oramin yana kama ƙwayar tarin fuka, yana kuma ƙyalli. Maimakon neman jan tsinke cikin shuɗin fili, sai ma'aikaci ya ga ƙwayoyin suna walƙiya cikin baƙin duhu kamar taurari a daren da babu wata. Ba sai an ƙara girma sosai ba, don haka ido na share fili mai faɗi a kallo ɗaya.

To me ya hana wannan dabara isowa karkara har shekara saba'in? Fitila. Madubin yana buƙatar ƙwan makyuri mai tsada, mai zafi, wanda ke mutuwa bayan awa kamar 200, ba ya jure wutar da ke ɗaukewa tana dawowa, kuma sai an tanadi ɗaki mai duhu.

Abin da ya kwance wannan ƙulli yana rataye a kusan kowane ɗaki a Birnin Lalle. Cocilar nan 'yar Sin mai farin haske, a cikinta akwai ɗan ƙwan LED mai shuɗin haske da aka shafe da hoda mai ƙyalli, haɗuwarsu ce ke ba da fari. Wasu Japanawa uku, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, su suka samar da shuɗin LED mai ƙarfi a farkon shekarun 1990. Shuɗi kuwa shi ne launin da oramin ke so. Ƙwan LED na yin dubban awoyi, batir ko farantin sola ya ishe shi. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar su riƙa komawa ga madubin ƙyalli na LED, saboda ya fi tsohon rini kama cutar, kuma yana rage wa ma'aikaci lokaci sosai.

Katangar da Abbe ya gina

A 2014 Japanawan nan uku suka karɓi lambar Nobel ta fiziks. A wannan shekarar, ta kimiyyar sinadarai ta tafi ga wasu mutum uku da su ma ƙyalli suka yi wa hidima: Eric Betzig, Stefan Hell da William Moerner.

Tun 1873 Ernst Abbe, a garin Jena, ya nuna da lissafi cewa madubin haske yana da iyaka. Duk kyawun gilashinsa, abubuwa biyu da tazararsu ba ta kai nanomita 200 ba za su narke su zama tabo ɗaya. Nanomita ita ce kashi ɗaya cikin biliyan na mita; kaurin gashi ya kai nanomita dubu saba'in ko fiye. Faɗin ƙwayar tarin fuka kuwa bai wuce wannan iyaka da yawa ba. Wato muna ganin siffarta, amma abin da ke gudana cikinta, inda take gina fatarta, inda magani ke shiga ko ya kasa shiga, duk a rufe suke.

Betzig da Moerner sun bi ta wata hanya da ɗan karkara zai saurin fahimta. Ka hangi gari daga nesa da dare, duk fitilu a kunne, ba ka ganin komai sai dunƙulen haske. Amma a ce kowane gida zai kunna tasa shi kaɗai na ɗan lokaci ya kashe, kana iya sa alama a inda kowace ta bayyana, a ƙarshe ka zana taswirar garin gida-gida. Moerner ne ya fara gano ɗigon sinadari guda ɗaya ta hanyar haske a 1989, daga baya ya nuna ana iya kunna wasu a kashe su. Betzig da abokinsa Harald Hess suka haɗa madubin farko a falon gidan Hess, suka wallafa sakamakon a 2006.

Hell shi da sauri ya yi wasa. Ya wallafa tunaninsa a 1994 yana aiki a Finlan, ya tabbatar da shi a Jamus wajen shekarar 2000. Walƙiyar leza ta farko za ta tayar da ɗigon rini. Kafin su kai ga amsawa, walƙiya ta biyu mai siffar zobe za ta biyo baya ta kashe duk na gefe, ta bar na tsakiyar zoben kaɗai su yi ƙyalli. Tazarar walƙiyoyin biyu ba ta ko kusa da nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Da waɗannan dabaru aka sauko daga nanomita 200 zuwa wajen 20, yanzu ma wasu na'urorin na kaiwa ƙasa da biyar.

Ƙwanƙwasa tukunya

Nan ne wurin da ya fi burge ni a duk lamarin. Matar da ta iya sayen tukunya ba ta tsayawa ga kallo. Sai ta ƙwanƙwasa da yatsa ta kasa kunne. Mai lafiya tana jan amo, mai tsaga kuwa amonta gajere ne, ya mutu nan take. Ƙarfin bugun ba shi ne abin lura ba, yadda amon ke mutuwa shi ke ba da labari.

Haka masu binciken ke yi wa ɗigon rini. Su ƙwanƙwasa shi da gajeriyar walƙiyar leza, su auna tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya saki haske. Ga yawancin rinin da ake amfani da su, tsakanin nanosakan ɗaya ne zuwa goma. A cikin nanosakan ɗaya, haske da duk gudunsa tafiyar santimita 30 kawai yake yi, ko kamu ɗaya bai kai ba. Na'urar na harba walƙiya wajen sau miliyan 80 a sakan, agogonta na rubuta lokacin da kowane ɗigon haske ya iso, har a tara miliyoyin awo a fitar da hoto.

Amfanin shi ne wannan lokaci yana canzawa gwargwadon inda rinin ya tsinci kansa. Idan wurin na da tsami, ko iskar oksijin ta yi yawa, ko rinin ya maƙale a jikin wani furotin, amon hasken zai tsawaita ko ya gajarta. Wani Bajamushe, Theodor Förster, ya nuna tun shekarun 1940 cewa idan ɗigon rini biyu suka kusanci juna ƙasa da nanomita goma, ɗaya na iya miƙa wa ɗaya ƙarfinsa ba tare da ya haska ba. Sai ƙyalli ya zama ma'aunin tazarar da babu idon da zai taɓa gani.

Akwai masu tafiya ƙasa da haka, zuwa femtosakan. Matsayin femtosakan a cikin sakan ɗaya kamar matsayin sakan ɗaya ne a cikin shekara miliyan 32. Babu agogon lantarkin da ke bin wannan gudu, saboda haka sai a raba walƙiya biyu, a sa ɗaya ta yi ɗan zagaye ta kan madubi. Ƙarin tafiyar kashi ɗaya cikin uku na milimita ya isa ya jinkirta ta da kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan. Ɗan Afirka ne ya buɗe wannan fage a kimiyyar sinadarai: Ahmad Zuwail na Masar, wanda ya karɓi Nobel a 1999 ya rasu a 2016.

Me ya dawo mana daga can?

Ba kaɗan ba. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a ƙarshen 2010, tana gano tarin fuka cikin ƙasa da awa biyu, ta kuma faɗa ko ƙwayar na bijire wa rifamfisin, babban maganin cutar. A cikin ɗan akwatin robar da ake zuba kaki akwai wasu zarurrukan gado da aka naɗe kamar ƙugiya, baki ɗaya ɗauke da rini mai ƙyalli, ɗaya bakin ɗauke da abin da ke shanye ƙyallin. Muddin suna manne, duhu. Da zarar zaren ya gamu da gadon ƙwayar cutar sai ya miƙe, bakunan su rabu da 'yan nanomitoci, haske ya tashi. Kafin haka, sai an shuka ƙwayar an jira makonni uku zuwa takwas, don ita sau ɗaya take rabuwa a kusan awa ashirin.

A 2012 masu bincike a Jami'ar Harbad suka ɗauki hoton dangin wannan ƙwaya da rini mai ƙyalli tana girma, suka ga ba ta rabuwa gida biyu daidai. 'Ya'yan kan fito wasu manya wasu ƙanana, kuma ba ɗaya suke jin magani ba. Wannan na cikin bayanan da ake kawowa kan yadda wasu ƙwayoyi ke tsira, da dalilin da ya sa wanda ya ji sauƙi a wata na biyu ya ajiye magani yake jawo wa kansa masifa. Sai an cika wata shida ana shan maganin. A Melbon ta Ostireliya kuma, a 2011, an yi amfani da madubin da ya ƙetare iyakar Abbe an ga yadda ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ke kafa zobe a jikin jan ƙwayar jini tana kutsawa ciki.

Sai Mireille Kamariza, 'yar Burundi da ta yi digirin digirgir a Jami'ar Stanford. Oramin ba ya bambance rayayyar ƙwaya da matacciya. Ita da malamarta Carolyn Bertozzi suka ɗaura rini a jikin wani sukari da ƙwayar ke amfani da shi wajen gina fatarta. Rinin ba ya ƙyalli a cikin ruwa. Sai rayayyar ƙwaya ta ɗauke shi ta saka cikin fatarta mai maiƙo sannan yake haskawa. An gwada shi a kakin marasa lafiya a Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2018.

Inda ra'ayi ya rabu

Ma'aikacin lafiyar karkara yana da hujjar da ba ta tankwaruwa. A wurinsa matsalar ba ƙarancin nanomita ba ce. GeneXpert ba ta son zafin da ya wuce digiri 30, ƙasar Dakoro kuwa tana haura 40 a Afrilu da Mayu. Ƙura na toshe ta. Kowane akwati ɗaya ya daɗe a kusan dalar Amurka goma kafin a rage shi zuwa kusan takwas a 2023. Tana son wuta tsayayya, mu kuwa mun ga abin da ya faru a Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da Nijar ta dogara da ita sosai, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Kuɗin madubin leza ɗaya zai sayi madubin LED masu yawa, da sola, da baburan ɗauko kaki daga ƙauyuka da rugage.

Malamin jami'a shi ma yana da tasa. Muddin kayan auna abu suna can, tambayoyin ma a can za a riƙa tsara su. Mu mu tara jini da kaki mu aika, su su duba su wallafa. Yaron da ya karanta fiziks a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, idan bai taɓa ganin leza na aiki ba, ko dai ya bar fagen ko ya bar ƙasar.

Ni ina ganin babu mai hankalin da zai nemi a kai madubin Hell Dakoro. Abin da Dakoro ke bukata a bayyane yake, kuma shi ya kamata a fara biya. Amma ban yarda cewa biyan wannan yana nufin a yafe ɗayan har abada ba. Cibiya ɗaya da jami'o'in yankin za su yi tarayya a kanta ta wadatar. An riga an ga misali a Damaturu, inda Dokta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci buɗe cibiyar binciken BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe a 2021, da madubin leza a ciki, ɗalibai na zuwa daga wurare daban-daban suna koyo. A Jami'ar Kef Tawun ma an kafa cibiyar madubai da masu bincike daga ko'ina a Afirka ke iya neman shiga.

Kuma Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan sha'ani. Abdu Mumuni Jofo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, haifaffen Tasawa ne a 1929, nan cikin jihar Maraɗi, kuma ya ƙare rayuwarsa yana binciken yadda za a ci moriyar hasken rana tun duniya ba ta damu da shi ba. Daga 2008, shirin yaƙi da tarin fuka na ƙasa tare da ƙungiyar Damien ta Beljiyam sun gwada gajeren tsarin maganin tarin da ke bijire wa magani, wanda ya rage jinya daga kusan shekara biyu zuwa ƙasa da shekara. Sakamakon Nijar na cikin hujjojin da aka duba kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin a 2016.

Magidancin Birnin Lalle ya yi wata uku yana tari kafin ya hau kabu-kabu. Idan an ce ya dawo gobe da kakin safe, kuɗin hanya ya ninka, ga gona ko dabbobi na jira, kuma akwai masu tafiya ba su komo ba. Shi ya sa hukumar ta yarda, tun 2011, a karɓi kaki biyu a rana ɗaya a duba a rana ɗaya inda ingancin aikin ya tabbata. Gilashin oramin ma ba ya son jira. Ƙyallinsa na disashewa idan ya sha haske ko ya daɗe a ajiye, don haka ma'aikacin kan rufe shi cikin akwati, ya duba shi a ranar, yayin da mai kakin ke zaune a inuwa a waje yana jiran a kira sunansa.